Wane ne "ɗan jamhuriya"? Kalmar da Hausa ba ta gama tsayar da ma'anarta ba

Saura minti goma a karanta labaran rana a wani gidan rediyo na Yamai. Mai fassara yana zaune da takardu uku na Faransanci a gabansa. Ta farko a kan zaɓen majalisar dokokin Amurka take, ta biyu a kan mutanen da suka fito zanga-zanga a Landan ranar naɗin Sarki Charles, ta uku kuwa jawabin wani babba ne na nan gida da ke kira ga jami'an tsaro su zama "républicains". Kalma ɗaya ce a takardun uku. Lokaci ya ƙure, sai ya rubuta "ƴan jamhuriya" sau uku ya miƙa wa mai karatu. Ɗan kasuwa a Tawa da direban da ya tsaya shan shayi a Konni sun ji Hausa zalla, amma labarin bai isa gare su ba. Ba su san cewa na farko sunan jam'iyya ne kawai ba, na biyu masu son a soke sarauta ne, na uku kuma ba ruwansa da jam'iyya ko sarki.

Wannan ba laifin mai fassarar ba ne shi kaɗai. Kalmar ce ba a taɓa zama an tsayar mata da iyaka ba. Da can ana iya cewa ba kome, tunda takardun hukuma duka da Faransanci ake rubuta su. Amma tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, uzurin ya ƙare. Harshen da za a rubuta doka da shi ba ya barin kalma irin wannan tana yawo ba linzami.

Jamhuriya aron Larabci ce, sai dai ba daga inda yawancin mutane suke zato ta fito ba. Kunne yana haɗa ta da jama'a, jam'iyya, jami'a da Juma'a, saboda kamar da suke yi a farko. Waɗancan huɗun dangin juna ne, tushensu baƙaƙe uku, jim da mim da ain, ma'anarsu tarawa. Jamhuriya kuwa baƙaƙe huɗu ne tushenta: jim, mim, ha, ra. Daga nan aka sami "jumhur". Tsofaffin ƙamusoshin Larabci sun ce jumhur tarin rairayi ne da ya taru har ya ɗara abin da ke kewaye da shi, irin tudun da duk wanda ya bi arewacin Tawa zuwa Abalak ko Cintabaraden ya sani. Ƙwaya ɗaya ba kome ba ce, tarinsu ne ke zama tudu. Sai aka ari hoton aka ɗora wa mutane, jumhur ya zama mafi yawan jama'a.

Da wannan ma'anar kalmar ta fara shiga kunnen Bahaushe, tun kafin a yi ƙasa mai suna Nijar, kuma a zauren karatu ta shiga, ba a fagen siyasa ba. Idan malamai suka saɓa a kan wata mas'ala, almajiri ya ce, "Allah gafarta Malam, to wanne za mu ɗauka?", malam yakan ce, "Wannan ita ce maganar jumhuru", wato abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai. Ƙarshen kalmar ma sananne ne, shi ne na Tijjaniyya, Ƙadiriyya da Islamiyya, ɗafin da ke mai da suna ya zama tafarki. A ƙarni na 19, lokacin da marubutan Daular Usmaniyya da na ƙasashen Larabawa suka buƙaci sunan da za su kira ƙasar da ba sarki ke mulkinta ba, sai suka ɗora wannan ɗafin a kan jumhur. A 1918 aka yi shelar jamhuriya a yankin Tarabulus na Libiya, ba ta daɗe ba. Turkiyya ta bi a ranar 29 ga Oktoba 1923, Masar a 1953. Sawahili ma ya ara, shi ya sa Kenya ke bikin Ranar Jamhuri kowace 12 ga Disamba. A 1977 Gaddafi ya ɗauki jam'in kalmar, "jamahir", ya ƙera "jamahiriyya", yana nufin ƙasar talakawa da kansu ba ta wakilai ba.

Wannan rabin asalin ne kawai. Abin da ke rubuce a saman takardar haihuwar kowane ɗan Nijar, can sama da taken zumunta, aiki, ci gaba, shi ne "République du Niger", kuma wannan kalmar ba ta san tudun rairayi ba. Daga Latin ta fito, kalmomi biyu: "res", abu ko sha'ani, da "publica", na jama'a. Abin jama'a ke nan. Bisa tarihin da Rumawa suka riƙe, a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkwiniyus, suka raba ikonsa. A maimakon mutum ɗaya har mutuwa, sai suka riƙa zaɓen mutum biyu, wa'adinsu shekara ɗaya, kowanne yana da ikon taka wa ɗan'uwansa burki. Ba mulkin talakawa ba ne, manyan gidaje ne suka riƙe shi, ga bayi, mata kuma ba su da ƙuri'a. Abin da ya sabunta shi ne tunanin cewa kujera ba gadon kowa ba ce, baitulmali kuma ba aljihun mai mulki ba ne.

Kalmomin biyu ba wuri ɗaya suke kallo ba, kuma a nan matsalar Hausa take. Ta Larabci tana tambayar su wa ke da rinjaye. Ta Latin tana tambayar na wane ne abin. Mun gaji sunan daga Larabci, tsarin hukuma kuma daga Faransa, sai rabin ma'anar ya faɗi a tsakani. Ana ganin gurbin a bakin mutane kullum. Idan famfon unguwa ya lalace, ko motar ma'aikata ta kwana a ƙofar gidan biki, ko aka kwashe tebura daga ajin lakwal, abin da ake ji shi ne "ai kayan gwamnati ne", ma'ana ba na kowa ba ne, ko na waɗanda ke sama ne. Jamhuriya kuwa akasin haka take cewa: famfon na mai ɗiban ruwa ne, gwamnati ajiya aka ba ta. Kalmar Hausa da ta fi kusa da "res publica" ba ma jamhuriya ba ce, amana ce.

Sunan mai goyon bayan wannan tsari kuwa a bakin wuta ya yi ƙarfi. A Faransa majalisa ta soke sarauta ranar 21 ga Satumba 1792, aka sare kan Sarki Luwi na 16 a watan Janairu 1793. Daga nan har kusan shekara tamanin ƙasar tana kai da kawowa: Napoliyon ya naɗa kansa a 1804, sarakuna suka dawo, aka yi jamhuriya ta biyu a 1848, ta faɗi a 1852, sai ta uku a 1870. A waɗannan shekarun, a kira mutum "républicain" magana ce mai iya kai shi kurkuku ko gudun hijira, kuma ma'anarta a fili take: ba ya son sarki. Amma da jamhuriya ta zauna daram, babu sauran sarkin da za a kora, sai kalmar ta sake aiki. Ta koma nufin mai riƙo da dokoki da hukumomin ƙasa, da makarantar gwamnati kyauta wadda dokokin 1881 da 1882 suka kafa, da raba addini da hukuma kamar yadda dokar 1905 ta yi. Da wannan ma'anar aka yi kira a 2002 masu hagu da masu dama su haɗu su zaɓi Jacques Chirac don tare Jean-Marie Le Pen, Chirac ya ci da kashi 82 cikin ɗari. Kuma saboda ita ce aka yi rigima a 2015, lokacin da jam'iyyar Nicolas Sarkozy ta sake suna ta koma "Les Républicains". Wasu suka kai ƙara suna cewa sunan na kowa ne, bai kamata ɓangare ɗaya ya riƙe shi ba. Kotu ba ta hana ba, amma ƙorafin yana da tushe.

Ta Amurka ta fi sauƙi, ko da yake ita ta fi rikita masu fassara. An kafa jam'iyyar Rifablikan a 1854 don hana bautar da bayi yaɗuwa zuwa sababbin yankuna, Abraham Lincoln ya ci mata shugabancin ƙasa a 1860. Yau suna ne kawai, kamar yadda Tarayya ko Nasara ko Lumana suka kasance sunayen jam'iyyu a nan. Ƴan Dimokurat ba sa neman a naɗa sarki a Washington, ƴan Rifablikan kuma ba su fi su son jamhuriya ba. Wanda ya fassara sunan ya ce "jam'iyyar ƴan jamhuriya" ya saka wa mai sauraro wata gardama da babu ita. A bar shi "ɗan jam'iyyar Rifablikan", kamar yadda ba wanda ya fassara sunan jam'iyyar NRC ta Najeriya da ta tsayar da Bashir Tofa a zaɓen 12 ga Yuni 1993, ko da yake ita ma kalmar tana cikin sunanta.

Inda tsohuwar ma'anar ke nan da ranta su ne ƙasashen da har yanzu suke da sarki a kan ƙasa duka. A Birtaniya, masu ɗaga alluna ranar naɗin sarauta a watan Mayu 2023 so suke a riƙa zaɓen shugaban ƙasa. Ostareliya ta yi ƙuri'ar raba gardama a kan haka a 1999, masu son a ci gaba da sarauta suka yi rinjaye. Barbados ta rabu da sarautar Ingila a ƙarshen Nuwamba 2021. A nan fassarar ita ce "masu neman a soke sarauta". A Sifen ta shekarun 1936 zuwa 1939, sunan na ɓangaren gwamnati ne da ya yaƙi sojojin Franko. A Ailan ta Arewa kuma yana nufin masu son a fita daga Birtaniya a haɗe da sauran tsibirin, irin su jam'iyyar Sinn Féin. Kafin mai fassara ya taɓa alƙalami, abin da zai fara dubawa shi ne ƙasar da labarin ya fito da kuma ko harafin farko babba ne. Idan babba ne, galibi sunan jam'iyya ne. Idan ƙarami ne, yana iya zama ra'ayi, sai a tambayi ko ƙasar tana da sarki.

To mu fa? Tarihin Nijar bai bi ta hanyar Faransa ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mai neman kalmar Hausa ya riƙe. Jamhuriyarmu ba a kan gawar sarauta aka gina ta ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 a kan ko za a ci gaba da zama cikin tarayyar Faransa, Jibo Bakari da Sawaba suka ce a'a, a karɓi ƴanci nan take. Yawancin sarakunan gargajiya suna ɓangaren i, tare da hukumar mulkin mallaka, kuma i ɗin ce ta yi rinjaye da kusan kashi 78 cikin ɗari. Ranar 18 ga Disamba 1958 majalisa ta yi shelar jamhuriya, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati. Ƴancin kai sai ranar 3 ga Agusta 1960. Wato ƙasar ta yi wata goma sha tara da ƴan kwanaki tana jamhuriya alhali tsaro da kuɗi da hulɗar waje suna hannun Faris. Daga nan kuma har 1974 jam'iyya ɗaya ce ke mulki, bayan an haramta Sawaba a 1959. Darasi biyu ke nan daga tarihinmu, ba daga littafin kowa ba: jamhuriya dabam, ƴancin kai dabam, dimokuraɗiyya kuma dabam. Sifen da Suwidin da Japan suna da sarakuna kuma suna zaɓe na gaskiya. Koriya ta Arewa tana da jamhuriya da dimokuraɗiyya duka a cikin sunanta, mulki kuma yana gida ɗaya daga kaka zuwa jika.

Har yau Sarkin Adar yana Illela, sarakunan Agadas, Damagaram, Katsinar Maraɗi, Gobir da Doso suna fadojinsu, kuma doka ta san da su. Dokar 2015 da ta tsara matsayinsu ta saka su cikin tsarin mulkin ƙasa: suna sulhu a rikicin gona da na makiyaya, suna taimakawa wajen tara haraji, hukuma ce ke tabbatar da naɗinsu bayan masu zaɓe sun zaɓa daga cikin waɗanda suka gaji gidan. Saboda haka duk fassarar da za ta sa mutumin Illela ko Madawa ya ji cewa mai son jamhuriya maƙiyin sarkinsa ne, ƙarya ta yi wa tarihi, kuma ta jawo wa kalmar ƙiyayyar da ba ta ci ba. Abin da jamhuriya ta hana shi ne a gaji ƙasa, ba a gaji rawanin gari ba. Tunanin ma ba baƙo ba ne a wannan yanki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau a 1754, ya lissafa a Kitabul Farƙi cewa daga cikin aibin sarakunan zamaninsa akwai hawa mulki ta gado da ƙarfi ba tare da shawara ba. Ba jamhuriya yake kira a kafa ba, kada a ɗora masa abin da bai faɗa ba, amma ciwon da ya nuna shi ne dai wanda kalmar ta zo magani.

Hausa tana da hanyoyi uku na kiran mabiyin wani abu. Akwai "ɗan", kamar ɗan adawa, ɗan gurguzu, ɗan Sawaba. Akwai "ba", kamar Batijjane da Baƙadire. Akwai kuma "mai", kamar mai kishin ƙasa. "Ɗan jamhuriya" ta fi saurin zuwa baki, amma ta riga ta cika da kaya. Ɗan Jamhuriyar Nijar ɗan ƙasa ne kawai, ko yana son tsarin ko ba ya so, haka ake bambanta shi da ɗan jihar Neja ta Najeriya. Ga shi kuma daga 2015 an yi jam'iyya mai suna MPR Jamhuriya ta Albade Abuba, har ta kai idan aka ce wane ɗan Jamhuriya ne a Tawa, katin jam'iyya ake nufi. "Bajamhure" da "Jamhurawa" sun bi ƙa'idar harshe sarai, sai dai ba wanda ke faɗinsu, kuma suna sa abin ya yi kama da ɗariƙa ko ƙabila, alhali ana son ya zama abin da ya haɗa kowa.

Wadda ta rage, kuma wadda nake ganin ta dace, ita ce "mai kishin jamhuriya". Kishi a Hausa tsaron abin da yake naka ne, jin zafi idan wani ya taɓa shi. Mai kishin gidansu ba ya bari a sayar da gonar gado a ɓoye. Da wannan kalma ɗaya rabin ma'anar da ya faɗi ya dawo, wato mallaka. Kuma tana karɓar jam'i da siffa ba wahala: masu kishin jamhuriya, soja mai kishin jamhuriya, ma'aikaci mai kishin jamhuriya. Jawabin nan na takarda ta uku sai ya fito da ma'anarsa, cewa jami'in tsaro ya yi biyayya ga dokar ƙasa, ba ga jam'iyya ko yanki ko wani mutum ba.

Sai dai suna ba ya wadatarwa idan ba a san abin da ake aunawa da shi ba, domin a siyasar Nijar ba wanda bai taɓa kiran kansa da shi ba. Jaridar da Maman Abu ya kafa a Yamai a 1991 sunanta ke nan, "Le Républicain". Ƙawancen da ya yaƙi tazarce a 2009, CFDR, yana da jamhuriya a cikin sunansa, waɗanda suka yi tazarcen kuma jamhuriya ta shida suka ce suna kafawa. Ma'aunin yana cikin kundayen da muka rubuta da hannunmu. Kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya tsayar da wa'adin shugaban ƙasa shekara biyar, sau biyu kacal, a aya ta 47. Ya wajabta masa bayyana dukiyarsa a rubuce bayan rantsuwa, a sabunta kowace shekara, a buga a jaridar hukuma. Kasafin kuɗi majalisa ce ke amincewa da shi, kotun bin diddigin kuɗin ƙasa ta duba yadda aka kashe. Aya ta 175 kuma ta kulle wasu abubuwa ta ce ba a taɓa su ko da gyaran kundi, ciki har da siffar jamhuriya da wa'adin. Wa'adi mai ƙarewa, aljihu biyu da ba sa haɗuwa, alƙalin da zai iya ce wa shugaba a'a, da hanyar sauke mai mulki ba da bindiga ba. Wanda ya tsaya a kan waɗannan lokacin da nasa ne ke kan kujera, shi ya cancanci sunan. Tsayawa a kansu lokacin da abokin hamayya ke mulki ba ta da wuya, kowa na yi.

Yadda abin ke lalacewa ma mun gan shi daki-daki. Kundin 1999 yana da irin wannan kulle, aya ta 36 ta iyakance wa'adi, ta 136 ta hana gyara ta. Da aka ga ƙofar a rufe take, sai aka ce ba gyara za a yi ba, sabon kundi za a kawo. Kotun tsarin mulki ta ce bai halatta ba a ranar 25 ga Mayu 2009. Washegari Shugaba Tanja ya rusa majalisa. Kotun ta soke dokar kiran ƙuri'ar a watan Yuni, sai aka ɗauki ikon gaggawa, aka rusa kotun kanta ranar 29 ga watan. Aka yi ƙuri'a ranar 4 ga Agusta, aka ƙara shekara uku. Jamhuriya ta shida wata shida ta yi, sojoji suka kawar da ita ranar 18 ga Fabrairu 2010. Abin lura shi ne ba a taɓa cire kalmar daga saman takarda ba a duk tsawon wannan. Sassan aka kwance ɗaya bayan ɗaya, sunan yana nan. Haka Ogustus, wanda ya mai da jamhuriyar Rum mulkin mutum ɗaya, ya yi: ya bar majalisa da muƙamai da sunayensu, ya tattara ikon a hannunsa. Bokassa na Afirka ta Tsakiya ne kaɗai a zamaninmu ya fito fili ya naɗa wa kansa kambi a 1977, bai kuma cika shekara biyu da shi ba. Sauran sun gane cewa ba sai an sake suna ba. A Togo ɗa ya gaji uba a 2005, a Gabon a 2009, a Siriya a 2000, har wani masanin zamantakewa na Masar, Sa'aduddin Ibrahim, ya haɗa jamhuriyya da malakiyya ya ƙera "jumlukiyya" don irin wannan mulki.

Lissafin nan na jamhuriya ta ɗaya har ta bakwai ma yana buƙatar bayani ga mai sauraron Hausa, domin wasu suna jinsa kamar hawa aji. Al'ada ce da aka ɗauko daga Faransa, duk sabon kundi sabuwar lamba. Faransa tana ta biyar tun 1958, bayan ta fara a 1792. Nijar ta kai ta bakwai cikin shekara hamsin, ta kuma ga juyin mulki biyar a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, kuma sau ɗaya tak zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe, ranar 2 ga Afrilu 2021. Yawan lambar shaidar yawan rushewa ne. Yanzu kundin 2010 ba ya aiki, an rusa jam'iyyu, Janar Abdurahaman Tiani ya yi rantsuwa a matsayin shugaban jamhuriya ranar 26 ga Maris 2025 na wa'adin shekara biyar da za a iya sake dubawa. Masu goyon baya suna cewa tsohon tsarin ya riƙe siffa ya saki amana, masu suka suna cewa ba a gyara amana da cire wa'adi da zaɓe. Wannan muhawara ce ta gaske, kuma ya kamata a iya yinta da Hausa a fadar matasa da zauren mai unguwa, da kalmomin da kowane ɓangare ya yarda da ma'anarsu. Ma'aunin da aka auna na jiya da shi, shi za a auna na yau da na gobe.

Aikin da ya rage na masana ne, kuma akwai su: sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdu Mumuni, cibiyar INDRAP da ta daɗe tana shirya littattafan koyarwa da harsunan gida, malaman shari'a na Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, da masu fassara na gidajen rediyo waɗanda su ne ke saka kalma a bakin jama'a. Akwai ƙaramin abu na rubutu da za a fara da shi. Ana ganin jamhuriya, jamhuriyya da jumhuriya, wani lokaci a shafi ɗaya. Ta farko ta fi yawa a bakin mutane da jaridu, ita ya kamata a tsayar cikin ƙa'idar rubutun da aka kafa tun 1999. Babban aikin kuwa yana cikin jimlolin doka. Idan aka zo fassara abin da aya ta 175 ta kira siffar jamhuriya ta ƙasa, "siffa" kaɗai ba za ta gaya wa manomin Keita abin da aka hana taɓawa ba. Sai an buɗe ta a cikin ayar kanta, a rubuta cewa shugabancin ƙasa ba a gadonsa, yana da wa'adi, kuma dukiyar ƙasa ta jama'a ce. Layi biyu ne za su ƙaru a takarda, kuma da su alƙali a Tawa zai iya karanta wa mai ƙara hukunci da Hausa ba tare da ya koma ga Faransanci don ya gane abin da ya karanta ba.